Daga Winamp zuwa FLAC

'Yan hostel, kun san MP3 ɗin nan da muke tura wa juna ta Xender ya girmi yawancinmu? Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka jagoranci ƙirƙiro shi, sunan ya tabbata a 1995. Lokacin wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi, sai suka yi dabarar zubar da sautukan da kunne bai cika kamawa ba. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 mai 128 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Winamp na fitowa a 1997, kowa ya runguma.

Masu kunnen jin kiɗa dai ba su gamsu ba. A 2001 aka samu FLAC, mai matse waƙa ba tare da ya zubar da komai ba. A 2002 Peter Pawlowski ya saki foobar2000, manhaja ce ba kwalliya, sai aiki. Windows Vista kuma ta zo da WASAPI, wanda ke iya kai waƙa kai-tsaye ga na'urar sauti, ba ta cakuɗu da ƙarar saƙonni ba.

Yanzu memori ya yi araha, ku leƙa Computer Village a Ikeja. Amma don Allah a daina juya tsohon MP3 zuwa FLAC, abin da aka zubar ba ya dawowa, fayil ɗin kawai ke ƙara nauyi.