Daga Tudun Milliken Zuwa Ramin Nanka: Yadda Ƙasa Ke Cin Hanya A Gabas

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani ɗan'uwanmu da ya zo mini kwanan baya yana murna, wai ya samu fili da araha a bayan garin Awka, har ya ba da kafin alƙalami. Da na tambaye shi me ke bayan filin, sai ya ce ai wani ɗan kwari ne kawai, kuma da nisa. To, wannan ɗan kwarin ne ya hana ni barci, domin mu da muka tashi a nan Inugu mun san tarihinsa, amma akasarin 'yan'uwa masu sabon zuwa ba su sani ba.

Mai karatu, sunan Inugu kansa daga harshen Ibo ne, ma'anarsa bisa tudu. A shekarar 1909 Turawa suka gano kwal a ƙarƙashin tsaunukan Udi, suka fara haƙa a 1915, sannan a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Garin ya kafu ne a gindin tsauni, don haka duk wanda zai shigo daga Anacha ko daga Arewa ta Mil Tara, dole ya gangaro. Hanyar da aka sassaƙa a jikin tsaunin ita ce ake kira Milliken Hill, da sunan wani injiniya Bature. Ƙuntatacciya ce, sai kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Ta nan iyayenmu fataken shanu da 'yan gwari suka riƙa shigowa, tun zamanin da Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Ina yaro na sha bin wannan hanya a motar kawuna. Da mun iso kan tudu sai ya kashe rediyo, ya sa giya ɗaya, ba mai ƙara cewa uffan. Wata rana da damina muka tarar ƙasa da itatuwa sun zubo sun rufe rabin kwalta. Na ce, "Kawu, wa ya zuba wannan ƙasa a hanya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba kowa, tudun ne ya gaji da tsayuwa." A lokacin na ɗauka wasa yake yi.

Sai da na girma na gane akwai ilimi a maganar. Tsaunukan wannan yanki ba irin duwatsun Zariya ko na Dutse ba ne, waɗanda ko da guduma sai ka yi da gaske. Yawancinsu rairayi ne da ya daskare sama-sama, kana iya marmasa shi da hannu, kuma a tsakaninsa akwai shimfiɗun yumɓu. Ga ruwan sama da kan kusanci milimita 2,000 a shekara, wato wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu. Idan ruwa ya sauka sai ya nutse cikin rairayin ya yi ta tafiya ƙasa, har ya iske yumɓu, wanda ba ya barinsa ya wuce. Nan zai taru, ƙasar sama ta yi nauyi, yumɓun ya yi santsi kamar sabulu. In kuma an riga an yanke gindin gangaren, ko ruwa ne ya ci shi ko katafila, to babu abin da ya tokare na sama ke nan. Rana ɗaya sai gefen tudu ya sulale gaba ɗaya, da gona da gida da duk abin da ke kai.

Haka ta faru a Nanka, cikin Jihar Anambra, a 1988, inda ƙasa ta zaftare har aka kwashe iyalai sama da 50 daga gidajensu. Masanan da suka bincika wurin sun ɗora laifin a kan wata shimfiɗar yumɓu mai kumbura in ta sha ruwa. Na taɓa zuwa bakin kwazazzabon da ke tsakanin Agulu da Nanka da Oko. Wallahi in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka; manyan itatuwan kwakwar manja da ke can ƙasa kamar ciyawa suke. Wani dattijo ɗan garin ya nuna mini sararin da ba komai sai iska, ya ce a nan gidan kakansa yake.

Kada a ɗauka abin na jiya ne. Tun a shekarun 1920 gwamnatin Turawa ta fara dashen itatuwa a Udi don tare zaizayar ƙasa, kuma yawan itatuwan yazawa da ake gani a Udi da Nanka na da alaƙa da irin wannan yunƙuri. A 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na tarayya, wanda labarin yadda ake kashe kuɗinsa sai wata rana. Daga baya, a 2012, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin NEWMAP, aka fara da jihohi 7: Abiya, Anambra, Kuros Riba, Ebonyi, Edo, Inugu da Imo. Daga bisani ya kai har Gombe da Kano da Sakkwato, kafin a rufe shi a 2022. An gyara wurare da dama, ba a musu, amma ramukan sun fi ƙarfin kuɗin.

Abin da ya fi ba ni takaici a tarihin shi ne, hanyar da muke ci da ita, ita ce ke haifar da yawancin sababbin ramukan. Da aka gina babban titin Inugu zuwa Anacha a ƙarshen shekarun 1970, direbobi sun huta da Milliken, amma an sare tuddai, an cike kwaruruka, an kuma tattara ruwan da a da yake bazuwa cikin daji aka zuba shi a lambatu ɗaya. In aka ajiye bakin kwalbati a tsakiyar gangare ba a raka ruwan har rafi ba, sai ya fara tona a daidai inda ya faɗo. Ramin kuma baya-baya yake tafiya, yana hawa tudu, har ya zo ya ci ƙarƙashin kwaltar da ta haife shi. Wanda ya saba kai shanu kasuwar Ugwuoba ko ta Amansea ya san sau nawa aka mai da motoci hannu ɗaya saboda haka, kuma ya san abin da kwana ɗaya a go-sulo ke yi wa tumatir da dabba.

Jiya na sa ɗan'uwan nan namu ya kai ni filin nasa. Daga dutsen iyaka zuwa bakin kwarin na ƙirga taku 60. Na nuna masa wata tsaga a ƙasa da ta bi layi ɗaya da bakin ramin, da itatuwan ayaba da suka karkata, da ruwan da ke tsattsafowa daga jikin gangaren alhali an kwana uku ba a yi ruwa ba. Muka leƙa gidan maƙwabci, matar gidan ta ce ƙofar ɗakinta ta daina rufuwa tun bara. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, "Yaya, kana ganin dillalin zai dawo mini da kuɗina?" Mun yi da shi ranar Asabar za mu je tare da Sarkin Hausawa.