Fitila da Ma'aunin Zafi: Yadda Aka Koyi Rayar da Murjani a Akwatin Gilashi

A ƙasar Hausa an san murjani a matsayin jan dutsen ado da ake jerawa a zare, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum. Wannan dutse ƙashin wata dabba ce ta cikin teku. Dabbar ƴar mitsitsiya ce, mai baki ɗaya da hannuwa kewaye da shi, tana zaune tare da dubban ƴan uwanta a gida ɗaya da suke ginawa da sinadarin alli. Jan murjanin Bahar Rum ya fi son kogo da inuwa. Amma danginsa na tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda suka gina tuddan murjani na Bahar Maliya da Indonesiya da Ostareliya, rana ce abincinsu. Su ne suka gagari masu kiwon halittun teku sama da shekara ɗari, domin suna bukatar haske mai ƙarfi, kuma zafi kaɗan ya ishe su halaka. Matsalar kuwa ita ce rana da fitila duk suna ba da abubuwan nan biyu a haɗe.

Murjanin farko a Landan

A shekarar 1832 wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power ta fara ajiye halittun teku a akwatunan gilashi a birnin Messina na tsibirin Sisili domin ta yi nazarinsu. A 1846 kuma Anna Thynne, matar wani babban limamin cocin Westminster, ta ɗebo murjani daga gaɓar Torquay a kudancin Ingila, daga bisani ta kai shi gidanta a Landan. Ruwan teku daga gaɓa ake kawo mata. Da ta ga jigilar ta yi yawa, sai ta sa a riƙa zuba ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga kowace rana don ya sha iska. Da haka ta rayar da murjaninta kusan shekara uku.

Nasarar Thynne tana da wani dalili da ba a gane ba a lokacin. Murjanin gaɓar Ingila na ruwan sanyi ne, kuma da farauta yake rayuwa. In an ba shi ɗan nama ya ci, ya wadatu. Ɗakin Landan mai sanyi da ƙarancin haske bai yi nisa da abin da ya saba ba.

A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan, kuma a 1854 Philip Henry Gosse ya wallafa littafinsa mai suna The Aquarium. Nan take ajiye halittun teku a falo ya zama yayi. Yayin bai daɗe ba. In an ajiye akwatin a bakin taga, rana ta ɗumama ruwan, gansakuka ta rufe gilashin. In an kai shi lungu, tsirran ciki su mutu, ruwan ya ɓaci. Waɗanda suka so kifin ƙasashe masu zafi daga baya, sai suka riƙa kunna ƴar wuta a ƙarƙashin akwatin mai gindin dutse, dabarar da ba ta da wani ma'auni sai idon mai gida.

Baƙon da ke cikin jiki

Amsar ta fito ne daga ɗakunan bincike. A 1881 masanin dabbobi na Jamus Karl Brandt ya bayyana wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa da ke zaune a jikin wasu halittun teku, ya raɗa musu suna Zooxanthella. Wani nau'in gansakuka ne mai ƙwaya ɗaya, wanda yake sarrafa hasken rana ya yi abinci kamar yadda ganyen bishiya yake yi. A fatar murjanin ƙasashe masu zafi akwai su miliyoyi, kuma su ne suke ba shi yawancin launinsa.

Daga 1928 zuwa 1929 wata tawagar masana ƙarƙashin Maurice Yonge ta yi fiye da shekara guda a tsibiran Low Isles da ke babban tudun murjani na Ostareliya. Yonge da abokin aikinsa Nicholls sun rufe murjani a akwati mai duhu, sun kuma jefa wani a ruwa mai ɗumi. A duk halin biyun murjanin ya rabu da gansakukarsa, ya koɗe, har farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin fata. Sun ga irin haka a fili ma, lokacin da ruwan gaɓa ya yi zafi a kwanakin da iska ta kwanta. Duk da haka Yonge ya tsaya a kan cewa murjani mafarauci ne, ba ya samun abinci daga baƙin da ke jikinsa.

Shekara talatin bayan haka aka warware wannan batu. A 1958 Leonard Muscatine da Cadet Hand sun bi sawun sinadarin kabon mai alama, suka nuna cewa abincin da gansakukar ta haɗa yana ratsawa zuwa jikin mai masaukinta. A 1959 Thomas Goreau, yana aiki a Jamaika, ya nuna cewa murjani ya fi saurin gina ƙashinsa a cikin haske fiye da cikin duhu. Daga nan aka gane abin da ya daɗe yana faruwa a akwatunan gilashi: murjanin da ake kawowa daga tekun zafi yunwa ce take kashe shi a ƙarƙashin raunanan fitilu, ko da ruwan yana da tsabta.

Daga Jakarta zuwa Balin

A 1961 wani mazaunin Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya rubuta bayanin hanyarsa a mujallar Tropical Fish Hobbyist ta Amurka. Yakan ɗebo ruwan teku da duwatsun da halittu suke maƙale a jikinsu, ya sa kumfar iska kaɗan, ya bar rana ta yi sauran aikin. Murjani ya rayu a wurinsa. Masu kiwo a Turai da Amurka da yawa sun gwada suka kasa, wasu har suka yi shakkar labarin. Abin da Eng yake da shi kyauta, wato ranar Indonesiya da yanayin da ba ya sauyawa sosai tsakanin watanni, su sai sun ƙirƙiro shi da lantarki.

Jamusawa ne suka yi gaba a wannan aiki. Rubuce-rubucen Peter Wilkens a shekarun 1970 da gwaje-gwajen wata ƙungiyar masu kiwo a Balin sun haifar da tsarin da har yau ake kira da sunan birnin. Ginshiƙinsa duwatsu masu rai ne, da na'urar da ke tsame datti ta hanyar kumfa, da fitilar halayid, irin wadda ake haska filayen wasa da ita. A farkon shekarun 1980 wani reshen murjanin Acropora ya tsiro daga dutse a akwatin Dietrich Stüber, ya yi ta girma har ana karya rassansa ana rabawa. Acropora na daga cikin murjanin da suka fi wuyar sha'ani, kuma jikokin wancan reshe suna nan a akwatuna a ƙasashe da dama. A lokaci guda kusan, Bruce Carlson yana noman murjani da hasken rana a gidan kifi na Waikiki da ke Hawai.

Launin hasken ma ya zama abin lura. Ruwan teku yana shanye jan haske a cikin ƴan mitoci na farko, shuɗi kuwa yana nitsawa nesa. Gansakukar murjani ta saba da shuɗin, shi ya sa masu kiwo suka riƙa haɗa farar fitila da dogayen ƙwayaye masu shuɗin haske, suna kunna su awa 10 zuwa 12 a rana, gwargwadon tsawon yini a yankunan da murjani yake.

Kuɗin haske shi ne zafi

Fitilar halayid ta magance yunwa, ta kawo wata cutar. Ƙwai ɗaya mai wat 250 ko 400, a rataye tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga ruwa, murhu ne. Ga kuma injinan tura ruwa, waɗanda su ma suna zubar da zafinsu a ciki. Murjanin tuddai ya fi samun lafiya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya son hawa da sauka cikin gaggawa. Akwati mai lita 300 ba teku ba ne, yana iya yin zafi cikin yini ɗaya na bazara.

Abin da zafi yake yi wa murjani yana da alaƙa da hasken kansa. Idan ruwa ya ɗumama fiye da kima, sassan gansakukar da ke sarrafa haske sukan lalace. Hasken kuwa bai daina zuwa ba, sai ƙarfinsa ya koma haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin jiki. Murjanin sai ya kori baƙinsa, ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma rumbunsa ya tafi. In ruwan ya huce da wuri, gansakukar takan dawo. In zafin ya daɗe, ya mutu. Ƙari a kan haka, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, alhali a lokacin ne halittun ciki suka fi bukatarta. Wannan ne ya sa ƙa'idar masu kiwo ta zama: in ma'auni ya haura, fitila ake fara kashewa.

Dabarun sanyaya ruwa sun bi matakai. Mafi sauƙi ita ce fanka da ke hura saman ruwa, aikin da ya yi daidai da yadda randa take sanyaya ruwan sha ta hanyar tururin da ke fita daga jikinta. Sai dai ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka dole a riƙa cike gurbin da ruwa marar gishiri, in ba haka ba akwatin ya yi ɗaci. Mataki na gaba shi ne na'urar sanyaya ruwa mai aiki kamar firji, wadda ake yi wa bututu da ƙarfen titaniyam, saboda ruwan gishiri yana cin yawancin ƙarafa, tagulla kuma guba ce ga murjani. A ɓangaren ɗumamawa, hita mai kashe kanta ta maye gurbin wutar ƙarƙashin dutse, amma makunninta yakan maƙale a kunne. Saboda haka gogaggun masu kiwo suke amfani da ƙananan hita biyu a maimakon babba ɗaya, su kuma ɗora musu na'ura ta dabam mai yanke wuta idan zafi ya wuce iyaka.

Rabuwar haske da zafi ta zo daga Japan. A farkon shekarun 1990 Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da fitilar LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Fitilun LED na akwatin murjani sun fara shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 2000. Zafinsu ta baya yake fita, fanka ta kwashe shi, ba ya sauka a kan ruwa kamar na halayid. Ana kuma iya umurtarsu da kwamfuta su yi hudowar rana da faɗuwarta, har da hasken wata. Su ma suna da tarkonsu: ido ba ya gane ƙarfin shuɗin haske, mutane da yawa sun ƙona murjaninsu da shi. Yanzu akan auna hasken da na'ura, sabon murjani kuma akan fara masa da kaɗan, a ƙara a hankali cikin makonni.

Lokacin da teku ya yi zafi

Yayin da masu kiwo suke fama da fitilunsu, abin da Yonge ya gani a Low Isles ya fara faruwa a faɗin tekuna. Peter Glynn ya rubuta yadda murjani ya koɗe ya mutu a gaɓar Panama da tsibiran Galapagos a zafin El Niño na 1982 zuwa 1983. A 1998 koɗewar ta game duniya, aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari na tuddan murjani sun halaka. Masana sun gano cewa digiri ɗaya kacal a kan zafin da murjani ya saba da shi a watan da ya fi zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya fara koɗar da shi.

A nan ne ilimin akwatin gilashi ya sami aikin da ya wuce ado. Murjanin Ostareliya yana sakin ƙwai sau ɗaya a shekara, ƴan darare bayan cikar wata, kuma zafin ruwa da tsawon yini da hasken wata ne suke tsara masa lokacin. A gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan, Jamie Craggs ya shigar da bayanan waɗannan abubuwa na tsawon shekara cikin na'urorin da ke sarrafa hita da fitilun LED. A 2013 murjani ya saki ƙwai a akwatinsa bisa shiri, a birnin da Anna Thynne ta fara. Da wannan hanya gidan kifi na Filorida ya sa murjani mai siffar ginshiƙi, wanda cuta ta kusa ƙararwa a gaɓar jihar, ya saki ƙwai a watan Agusta na 2019.

A ranar 24 ga Yuli 2023 wani ma'auni a Manatee Bay, wani wuri marar zurfi a kudancin Filorida, ya nuna digiri 38.4. A makonnin nan ma'aikata sun yi ta kwashe dubban rassan murjani daga gonakin cikin teku zuwa tankuna a kan tudu, inda na'urori suke riƙe da ruwan a ma'aunin da ya dace, suka zauna a can har teku ya huce. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da koɗewar duniya karo na huɗu.

Tanki yana iya ajiye iri, ya kuma samar da ƴaƴan da za a mayar ruwa. Iyakarsa ke nan. Babban tudun murjani na Ostareliya ya kai tsawon kilomita 2,300, kuma na'urar da za ta sanyaya shi ba ta wuce rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Kafin a kai ga haka, wasu nau'o'in murjanin Filorida sun dogara ne da ma'aunin zafi, da fitila, da janareton da zai tashi idan wuta ta ɗauke.