Tafkunan Kan Iyaka: Yadda Kwalekwale Ya Kori Jirgin Sama

Mai karatu, ko ka taɓa jin wurin da aka hana jirgin sama sauka saboda kifi da masu kwalekwale? To, akwai shi a kan iyakar Amurka da Kanada. Ɓangaren Amurka, a jihar Minesota, sunansa Boundary Waters, wato ruwayen kan iyaka, kuma yana da tafki sama da 1,000. Ɓangaren Kanada, a lardin Ontariyo, shi ne gandun Kwetiko. Babu titin mota a cikin dajin. In ka ƙure wannan tafkin, sai ka ɗora kwalekwalenka a kafaɗa ka taka da ƙafa zuwa na gaba.

Waɗanda suka daɗe da zama a wurin su ne ƙabilar Ojibwe, waɗanda ke ƙera kwalekwale da ɓawon itace. Hanyoyinsu ne fataken fatu masu jin Faransanci suka bi a ƙarni na 18, kowane ƙunshin kaya na da nauyin kilo 41. A 1909 Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe dajin na ɓangaren Amurka, a 1913 kuma Kwetiko ya zama gandun lardi.

To, wane irin kifi ne ke jan mutane zuwa can? Huɗu ne manya. Na farko wolai, mai ido kamar na mage, wanda ke farauta da almuru da asuba, kuma shi aka fi so a kasko. A 1979 an kama wani mai kusan kilo 8 a kogin Seagull, a gefen wannan yanki. Na biyu faik, dogo mai haƙora, da ke laɓewa cikin ciyawar ruwa yana jiran na ƙasa da shi. Na uku tirawut na tafki, wanda ba ya jure ɗumi. In zafi ya shigo sai ya nutsa can ƙasa inda ruwa ke da sanyi. Jinkirin girma gare shi, don haka in aka kwashe manyan, sai an yi shekaru kafin tafki ya farfaɗo. Na huɗu bas mai ƙaramin baki, baƙo ne a yawancin tafkunan, mutane ne suka zuba shi a ƙarni na 20, ya yaɗu har ya zama ɗan gida.

Rigima ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masu kuɗi suka gano cewa tafiyar kwana da kwanaki a kwalekwale, jirgi mai sauka kan ruwa zai yi ta cikin mintoci. Nan da nan aka kakkafa masaukan baƙi a tsakiyar daji, jirage na ta jigilar masu fatsa daga garin Ely, kifi kuma na shan wahala.

A nan ne ya kamata mai son fim ya gyara zama. Masu kare dajin, cikinsu har da marubuci Sigurd Olson, sun shirya wani fim na gaskiya mai suna Wilderness Canoe Country, aka yi ta nuna shi ga jama'a a ƙarshen shekarun 1940. Wanda bai taɓa taka dajin ba ya gan shi da idonsa, ya kuma ga abin da ake shirin rasawa. A Disambar 1949 Shugaba Harry Truman ya sa hannu kan umarnin da ya hana jirage yin ƙasa da ƙafa 4,000 a sararin yankin.

Amma kada ka ɗauka kowa ya yi murna. Mutanen Ely da yawa da wannan harka suke cin abinci, kuma a ganinsu 'yan birni ne suka zo suna tsara musu rayuwa. Fushin ya daɗe, domin a 1977 har mutum-mutumin Olson aka rataye a garin. Duk da haka, a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta hana sare itace da haƙar ma'adinai a ciki, ta kuma taƙaita jiragen ruwa masu inji ga wasu 'yan tafkuna.

Yau mai son fatsa a can sai ya nemi takardar izini, ayari kuma ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4. A Kwetiko ma, tun 2008 an hana sa tana ko ƙaramin kifi a ƙugiya, kuma dole a daddatse ƙayar ƙugiyar don a iya sakin kifi da ransa. Ladan wahalar shi ne, gwargwadon nisan da ka yi da kwalekwale a kafaɗa, gwargwadon ƙarancin waɗanda suka riga ka jefa ƙugiya.

Har yanzu dai da sauran rina a kaba, domin ana ta ja-in-ja kan haƙar jan ƙarfe a kusa da dajin, inda ruwansa ke gangarowa cikin tafkunan. Ko kifin zai sake tsallake wannan siraɗi? Lokaci ne zai nuna mana.