Lambobin yaƙin mazan jiya: abin da ke rubuce a kansu, da abin da aka bari ba a rubuta ba

A gidaje da dama na Kano, Zariya, Bauchi da Maiduguri akwai tsohuwar adaka ko gwangwani da aka ajiye wasu ƙarafa masu ƙyallaye a ciki, waɗanda tsofaffi ke kira minda. Lambobin yabo ne da gwamnatin Ingila ta ba sojojin rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da RWAFF. Lugga ne ya fara haɗa rundunar a 1897, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 1928, aka kuma rushe ta a 1960. Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki a ɓangarenta na Najeriya, don haka yawancin waɗannan kaya na kakanninmu ne. A Landan kuwa haja ce: gidajen gwanjo irin su Noonans da Spink na sayar da su ga masu tara kayan tarihin soja, wasu kuma na yawo a eBay. Wanda ke da irinsu a gida ya kamata ya san me yake riƙe da shi kafin wani dillali ya faɗa masa.

Lambobin cin ƙasa

Mafi nauyi a zuciya ita ce lambar hidima a Afirka da aka ƙirƙiro a 1902. Ta azurfa ce, da kan Sarki Edward na Bakwai a fuskarta. Abin dubawa a jikinta shi ne ɗan siririn ƙarfen da ke gicciye a kan ƙyallen, domin a nan ake rubuta yaƙin da mutum ya halarta. Idan aka ga "N. Nigeria 1903", to mai lambar yana cikin yaƙe-yaƙen shekarar da aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ran 27 ga Yuli. Mai ɗauke da 1906 ta Satiru ce da Haɗeja.

Nan ne abin ke da ɗaci. Turawan da suka jagoranci waɗannan yaƙe-yaƙe tsiraru ne. Masu riƙe da bindiga 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausa suke ji. Ana buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa a gefen mindar, kuma sau da yawa sunan na haɗe da garin da mutum ya ce ya fito, domin haka magatakardan bariki ke rubuta kurata. Ke nan ƙarfe guda yana iya zama shaidar cin Kano, yana kuma ɗauke da sunan wani wanda ya kira kansa Bakano. Mai neman tarihi mai daɗin ji ba zai so wannan lamba ba, amma tana cikin hujjoji ƙalilan da suka ambaci waɗannan sojoji ɗaya bayan ɗaya.

Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, na waɗanda suka yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan Gabashin Afirka, su ma suna ɗauke da suna. Darajar hakan ta ƙara fitowa a watan Afrilun 2021, lokacin da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam, kuma adadin na iya kaiwa 350,000.

Taurarin da ba su da suna

Waɗanda aka fi samu a gidaje su ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke ce wa yaƙin Hitila. Tauraruwa ce mai tsini shida, ta gaurayen ƙarfe mai launin tagulla, da tambarin Sarki Joji na Shida a tsakiya. Ƙyallen ne ke bambanta su tun daga nesa. Tauraruwar Afirka ƙyallenta launin rairayi ne, da jan layi mai faɗi a tsakiya da siraran shuɗɗan layuka biyu; ita aka ba waɗanda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, ciki har da birged ta 23 ta Najeriya da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Tauraruwar Burma kuwa ja ce a tsakiya, gefe biyu shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, kuma ta shafi hidima daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945. Galibi akan same su tare da tauraruwar 1939 zuwa 1945 da kuma zagayayyiyar lambar yaƙi mai hoton zaki a kan dodo. In an ga ɗan ganyen tagulla maƙale a ƙyallen wannan ta ƙarshe, alama ce an ambaci sunan sojan a rahoton kwamanda saboda bajinta.

Matsalar ita ce, Ingila ta raba waɗannan lambobi ba tare da buga suna a kansu ba. An ƙera su da ɗimbin yawa, shi ya sa tauraruwa ita kaɗai ba ta da wani kuɗin kirki a kasuwa, kuma ba ta iya faɗin wanda ya rataya ta. Abin da ke ba ta asali shi ne takarda: littafin sallama, littafin albashi, hoto, ko wasiƙa mai lambar soja. Ranar da aka raba tauraruwa da takardarta, ko magada suka raba lambobin mutum ɗaya gida-gida, ranar ta koma ƙarfe kawai. Takardar da ake gani kamar shara ta fi mindar muhimmanci, kuma ita gara ke fara ci.

Gizo da gammo

Bajon kafaɗa na rundunoni biyun da aka kai Burma ba sa buƙatar tafinta ga Bahaushe. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. An ɗauko shi daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu a wayo. Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye tare da gammo. Gammon ba ado ba ne. A dazukan Arakan inda mota ba ta shiga, a ka aka riƙa ɗaukar harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi, kuma dubban waɗanda aka kai 'yan dako ne masu kaki. Bajon hular RWAFF itacen kwakwa ne. Kayan faretin rundunar su ne jar dara, 'yar shara ja mai rawayen baki, jan ɗamara da gajeren wandon kaki. Tufa ba ta jure shekaru kamar ƙarfe, saboda haka na ainihi sun yi ƙaranci.

Sunayen da aka gada daga yaƙin suna nan a barikoki: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas, Mogadishu a Abuja. Rundunoni na 81 a Legas da 82 a Enugu sun gaji lambobinsu daga can. Barikin Lokoja kuma na ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a ƙarƙashin Jamus a Kamaru, ya dawo ɓangaren Ingila, ya sami lambar jarunta, ya yi ritaya a 1953.

Kada ƙyallin lambobin ya rufe batun haƙƙi. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan takardun rundunar Gabashin Afirka ya nuna cewa kuɗin sallama na farabiti Bature sule goma ne a kan kowane watan hidima, na baƙar fata mai muƙami ɗaya kuwa sule uku da sisi.

Tantancewa da adanawa

Jabu sun yi yawa, musamman taurari da bajon ƙyalle. A lambobi masu suna, a duba gefen da kyau: in ya sirance a wani wuri ko haruffan ba su daidaita ba, mai yiwuwa an kankare sunan asali an buga wani. Kada a goge minda da toka ko yashi ko man goge ƙarfe, domin yana cinye rubutun. Kada a yar da tsohon ƙyalle ko da ya koɗe. Ta azurfa kuma a nisanta ta da maƙerin farfaru, don a wurinsa nauyinta kawai ke da daraja.

Mai lambar sojan kakansa na iya bin sawu. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew tana da rajistar lambobin yaƙe-yaƙen farko a jerin WO 100, da takardun shawarar ba da lambobin jarunta a WO 373, inda ake bayyana abin da soja ya yi har ya cancanta. Jaridar gwamnati ta London Gazette na buga sunayen waɗanda aka karrama, kuma ana iya bincika ta kyauta a intanet. Sai dai a gwada rubuta suna ta hanyoyi da yawa, domin yadda kunnen Bature ya ji haka alƙalaminsa ya rubuta.

Tara tsofaffin kaya daban, sanya kakin sojan yau daban: dokar Najeriya ta hana farar hula sa kayan soja ba da izini ba, kuma a halin tsaron da ake ciki abin kan jawo fiye da tambaya a shingen bincike.