Bembeya Jazz a Dandali: Daɗi da Wuyar Aikin Makaɗan Gwamnati a Ƙasar Gine

An kafa ƙungiyar makaɗan Bembeya Jazz a shekarar 1961 a garin Beyla, kudu maso gabashin ƙasar Gine, aka raɗa mata sunan wani rafi na garin. Manufar gwamnatin Seku Ture a lokacin ita ce kowace jiha ta sami ƙungiyar makaɗanta, a sayo musu kayan kiɗa, a biya su albashi kamar sauran ma'aikatan gwamnati, su kuma su bar kwaikwayon waƙoƙin Turai su koma ga harsunan ƙasa. Da Bembeya ta yi fice a gasannin ƙasa, sai aka ɗauke ta zuwa Konakiri, ta zama ƙungiyar ƙasa baki ɗaya.

Dararen da makaɗan suka fi tunawa da su daga wannan matsayi suka samo asali. A 1965 sun je Kyuba, inda ake ba da labarin cewa muryar mawaƙinsu Abubakar Demba Kamara ta sa tsohon mawaƙi Abelardo Barroso zubar da hawaye. A 1968, shekarar da aka maido da ƙasusuwan Almami Samori Ture daga Gabon, inda ya rasu a tsare a 1900, suka fito da "Regard sur le passé". Waƙa ce ta fiye da rabin awa, wadda ta ɗora kirarin maroƙan Manding bisa jita da kayan busa na zamani. Ana rera ta da malinkanci, ana ba da labarin da faransanci. Wannan rabon aiki abin lura ne ga mai nazarin harshe, domin a shekarar ce Gine ta shigar da harsunan ƙasa cikin makarantu, amma ko a dandali bayanin tarihi bai rabu da faransanci ba. A 1971 suka yi bikin cika shekara goma a zauren Palais du Peuple, kamfanin Syliphone ya ɗauki wasan a faifai.

Albashin yana da sharaɗi. Dole ne a yabi jam'iyyar PDG da shugabanta, kuma kowane makaɗi ya san makomar Fodeba Keita, wanda ya kafa Ballets Africains, ya riƙe minista, aka kashe shi a 1969 bayan an tsare shi a sansanin Boiro.

Mummunar ranar ta zo ne a Dakar. A ƙarshen Maris 1973 ƙungiyar ta sauka can don wasa, motar da ta ɗauko Demba Kamara daga filin jirgi ta yi haɗari. Mai jita Seku Jabate da mawaƙi Salifu Kaba suna cikinta, suka tsira da raunuka. Demba ya cika ran 5 ga Afrilu. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa. Ƙungiyar ta daɗe kafin ta farfaɗo, kuma mawaƙa da dama aka haɗa don cike gurbin mutum guda.

Bayan rasuwar Seku Ture a 1984, sabuwar gwamnatin soja ta janye hannunta daga ƙungiyoyin makaɗa, kamar yadda ta maido da faransanci shi kaɗai a makarantu. Aka bar wa Bembeya gidan rawa ta riƙa ci da kanta, aiki ya ja baya, har makaɗan suka watse. Daga baya tsofaffin suka sake haɗuwa, a 2002 suka yi wasa a bikin Musiques Métisses na garin Angulem a Faransa, suka fitar da sabon faifai mai suna "Bembeya".