Faɗaɗa Ma'ajiyar Sharar Nukiliya a Harabar Tasha: Nazari kan Tashar Prairie Island ta Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa faɗaɗa wurin ajiyar sandunan makamashin da suka gama aiki a tashar nukiliya ta Prairie Island da ke jihar Minesota a Amurka, tun daga shekarun 1970. An gina nazarin a kan dokoki da hukunce-hukuncen kotu da lasisin hukumomi. Sakamakon ya nuna cewa dabarar ajiyar ta daɗe da zaunawa da gindinta, abin da ya gagara shi ne tsayar da ranar kwashe sharar. Don haka ya kamata a auna kowane faɗaɗawa a matsayin nauyin da zai wuce rayuwar tashar.

Muhimman kalmomi: makamashin nukiliya, tafkin sanyaya, busasshiyar ajiya, lasisi

1.0 Gabatarwa

Tashar Prairie Island tana bakin kogin Misisipi, kusa da garin Red Wing. Tukwanenta biyu na nukiliya sun fara aiki a 1973 da 1974, suna ba da kimanin megawat 1,100. Kowace tukunya tana ɗaukar dammunan sanduna 121, kuma duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake cire kusan kashi ɗaya cikin uku a sa sababbi. Damin da aka cire yana ci gaba da fitar da zafi da tururin nukiliya mai kisa, shi ya sa ake nutsar da shi a tafki mai zurfin kusan mita 12.

Waɗanda suka zana tashoshin wancan zamani sun yi tafkuna ƙanana, bisa zaton za a riƙa kwashe sandunan zuwa masana'antar sake sarrafawa. A 1977 gwamnatin Shugaba Jimmy Carter ta dakatar da wannan sana'a, sharar kuwa ta zauna inda aka haife ta. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: me ya riƙa jawo faɗaɗawa, kuma a wuyan wa nauyin ya sauka?

2.0 Hanyar Bincike

An bi tsarin nazarin misali guda. An jera matakan faɗaɗawa bisa shekaru, aka duba abu uku a kowanne: dabarar da aka yi amfani da ita, hukumar da ta ba da izini, da sharaɗin da aka gindaya. An zaɓi wannan tasha saboda rigimarta ta kai ga kotun tarayya da majalisar jiha, kuma maƙwabtanta na kusa su ne al'ummar Dakota ta Mdewakanton, waɗanda gidajensu ba su kai kilomita ɗaya daga ma'ajiyar ba.

3.0 Matakan Faɗaɗawa

3.1 Matse tafki

Dabarar farko ita ce sauya kantocin cikin tafkin da wasu masu matsattsun ramuka, waɗanda aka saka wa sinadarin boron domin ya shanye ƙwayoyin niyutron, ya hana sandunan da suka kusanci juna tayar da aikin nukiliya. Sau biyu kamfanin Northern States Power, mai tashar, ya yi haka. Jihar Minesota ta kai ƙara, kuma a 1979 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta umarci Hukumar Sa Ido kan Nukiliya, wato NRC, da ta fayyace ko akwai tabbacin samun inda za a kai sharar kafin lasisin tashoshi ya ƙare. Daga nan ne matsayar hukumar ta 1984 ta fito, wadda ta ce akwai wannan tabbaci.

3.2 Ficewa daga ruwa

Matsi yana da iyaka. A 1991 kamfanin ya nemi izinin ajiye ganguna 48 na ƙarfe a kan dandamalin kankare a harabar tashar. Gangar, samfurin TN-40, tana cin dami 40, kuma idan ta cika nauyinta kan kai kimanin tan 120. Ana zura ta cikin tafkin a loda dammunan a ƙarƙashin ruwa, a ɗora murfi, a tsiyaye ruwan, a zuƙe danshin da ya rage, sannan a cika ta da iskar hiliyom a ɗaure murfin da kusoshi. Tsakanin zobban toshiya biyu na murfin akwai ma'aunin matsin iska, wanda zai nuna da zarar ɗaya ya fara yoyo. Ba famfo, ba lantarki: zafin yana ratsa ƙarfen ne iska ta ɗauke shi.

Hukumar kula da kamfanonin wuta ta jihar ta amince da ganguna 17 kacal a 1992. A shekarar da ta biyo baya kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce tunda babu ranar kwashewa, ma'ajiyar na iya zama ta dindindin, don haka sai majalisa ta sa hannu. Majalisar ta amince a 1994 da sharuɗɗa masu nauyi: kamfanin ya samar da megawat 425 daga iska da 125 daga tsirrai da ragowar amfanin gona, ya kuma riƙa zuba dala 500,000 kan kowace ganga duk shekara a asusun bunƙasa makamashin da ake sabuntawa. Dokar ta kuma hana gina sabuwar tashar nukiliya a jihar. An loda gangar farko a 1995.

3.3 Ƙari kan ƙari

Ba a yi shekara goma ba 17 ɗin suka kasa. A 2003 majalisa ta buɗe ƙofa zuwa ganguna 29, kamfanin kuma, wanda a lokacin ya koma Xcel Energy, ya ƙulla yarjejeniyar biyan al'ummar Dakota dala miliyan 2.25 a shekara. A 2009 aka ƙara 35, jimilla 64, wato wurin dami 2,560. NRC ta tsawaita aikin tukwanen zuwa 2033 da 2034, ta kuma sabunta lasisin ma'ajiyar har 2053.

4.0 Tattaunawa

Abu na farko da jerin ya nuna shi ne tushen matsalar ba a harabar tashar yake ba. Dokar tarayya ta 1982 ta ɗora wa Ma'aikatar Makamashi alhakin fara karɓar sharar kafin ƙarshen Janairun 1998, masu biyan kuɗin wuta kuma suka yi ta zuba kuɗin aikin. An tsayar da Dutsen Yuka na jihar Nebada a 1987 a matsayin makwancin ƙarshe, amma adawar jihar ta sa aka janye wa aikin kuɗi a wajajen 2010. Yunƙurin kamfanoni na gina ma'ajiya a yankin al'ummar Goshute a jihar Yuta, wanda wannan kamfani yana cikin jagororinsa, ya sami lasisi a 2006 amma ko tubali ba a aza ba. A yau baitulmalin Amurka yana biyan kamfanoni diyyar biliyoyin daloli saboda saɓa alkawari.

Na biyu, ta fuskar kariya, ganga ta fi tafkin da aka cunkushe kwanciyar hankali, domin ba ta dogara da wuta ko ruwa ba. Gangunan da ke tashar Fukushima Daiichi sun tsira daga ambaliyar 2011 ba tare da sun saki komai ba. Sai dai ganga ba ta maye gurbin tafki, tunda dole dami ya yi shekaru a ruwa kafin zafinsa ya sauka. Akwai kuma wata sarƙaƙiya: tafkin ne wurin buɗe gangar da ta sami matsala. Idan aka rufe tashar aka rushe shi, dole a tanadi wata hanya.

Na uku, rabon riba da nauyi bai daidaita ba. Wutar ta tafi birane, sharuɗɗan 1994 sun taimaka wajen kafa samar da wuta daga iska a jihar, amma gangunan suna tsaye ne a bayan gidajen mutanen da ba su gayyace su ba. Baƙon da aka ce kwana biyu zai yi ya shekara talatin, kuma ba mai maganar rakiya. A 2012 kotun tarayya ta soke matsayar tabbacin, NRC kuma ta maye gurbinta a 2014 da ƙa'idar da ta yi nazarin ajiya a harabar tasha har ba iyaka.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa duk lokacin da aka tsawaita rayuwar tukwane, adadin ganguna ya bi sahu, kuma kowace iyaka da aka gindaya an ɗaga ta daga baya. Saboda haka ana ba da shawarar kada a ba da izinin ƙarin ajiya sai mai nema ya gabatar da abu uku: tsarin duba tsufan ganguna na tsawon shekarun da suka zarce lasisi, hanyar sauya wa dammuna mazubi bayan rufe tafki tare da kuɗinta a keɓe, da yarjejeniya da maƙwabta wadda biyanta zai ci gaba muddin akwai ganga ko ɗaya a kan dandamalin.