Masu Tausar Doki: Sana'ar da ta Girmi Sabo

In aka tambaye mu, mu 'yan Sabo da Kasuwar Bodija, me ya kawo kakanninmu Kurmi, amsarmu ba ta wuce shanu da goro. Haka ne kuwa. A kan waɗannan biyun unguwarmu ta tsaya tun da aka kafa ta a 1916. Amma akwai wata sana'a da mutanen Arewa suka riƙe a ƙasar Yarbawa tun ba a yi maganar Sabo ba, wato kiwon doki.

Daular Oyo ta dā da dawaki ta yi ƙarfi, musamman a ƙarni na 17 da na 18. Matsalarta ɗaya: doki ba ya son ƙasar nan. Ƙudan tsando na sa masa sammore, ga laima, ga kaska. Don haka daga Arewa ake sayo su, ta ƙasar Nufe da Bargu, kuma masu kula da su galibi 'yan Arewa ne, da yawansu bayi, Hausawa a ciki. Da Afonja ya yi tawaye a Ilori wajen 1817, bayin nan da yawa suka gudu suka bi shi. Tashi ɗaya Oyo ta rasa hannuwan da ke riƙe mata dawaki, hanyar sayo su ma ta toshe. Ba wannan kaɗai ya rushe daular ba, amma yana ciki.

To me hannuwan nan ke yi? Ban da yankan ciyawa, da ba da dusa da gero da kanwa, akwai aikin da ake yi bayan an sauke sirdi. Dokin da ya wuni ɗauke da mutum jikinsa na yin tsami kamar na ɗan dako. Mai kiwo zai bari ya huce, ya ɗan zaga da shi, ya goge gumin. Sannan ya fara da wuya, daga bayan kunne zuwa kafaɗa, yana murzawa da tafin hannu. Ya bi gefen gadon baya inda sirdi ya danne, ya sauka kuturi da cinyoyi. Ba a danna ƙashin baya, tsoka ake bi. Inda ya ji ta ɗaure kamar dunƙule, nan zai daɗe, wani lokaci da man kaɗanya, wani lokaci da tsumma da ruwan ɗumi. Dokin da kansa ke faɗin ko aikin ya yi: ya sauke kai, ya saki leɓe, ya yi ajiyar zuciya. In kuwa ya kwantar da kunnuwa baya yana kaɗa wutsiya, to an taɓa wurin ciwo, sai a sassauta.

Amfanin abin a fili yake. Murzawar na ɗumama tsoka, jini ya ƙara gudana, ɗaurewar ta saki, gobe doki ya fita kilisa ba ya ɗingishi. Amma a ganinmu babban amfaninta shi ne bincike. Wanda hannunsa ke bin jikin doki kullum shi zai fara jin kumburi ko zafi a ƙafa, ko gurjewar sirdi tun ba ta zama gyambo ba. Ƙafar da ta kumbura tana zafi kuwa ba a tausa ta, ruwan sanyi take so da hutu. Tausa kuma ba ta maganin sammore, wannan aikin likitan dabbobi ne. A gidajen sarautar Arewa har sarauta aka yi wa barga, ga Shamaki nan shaida.

Zamanin Turawa sana'ar ta sake samun gindi a nan maƙwabtanmu. Filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, taku kaɗan daga Sabo, a dā filin sukuwa ne. Yaranmu da ke zuwa kallon ƙwallo da wuya su san cewa kofato ya riga takalmi taka wurin. Sukuwar ta mutu, amma holo na nan a Eleyele, kuma duk wanda ya leƙa bargar lokacin gasa zai ji Hausa na tashi tsakanin masu kula da dawakin.

Abin da ke damunmu shi ne dawakin haya da ake fitowa da su a biki da Sallah. Yara biyar, shida su yi ta karɓa-karɓa a kan doki ɗaya bisa kwalta, da yamma a ɗaure shi a turke da gumi a jiki, wani sa'in ko majayi ba a kwance ba. Bayan sati biyu sai ka ji ana cewa dokin ya yi mugun hali, ba ya tsayawa a hau. Alhali bayansa ne ke ciwo. Har yanzu akwai dattawan da suka yi aikin barga a cikinmu, wasu sun koma dillancin shanu, wasu gadi. Ya kamata masu dawakin haya su nemo su, su haɗa su da yaran da ke riƙe musu linzami, ko da na damina ɗaya ne.